Sarautar Ƙarƙashin Teku a Silimar Turawa, Daga Unga Khan Zuwa Tsohuwar Busa

Wani yaro ɗan aji biyar a makarantar da nake koyarwa ne ya jawo wannan rubutu. Muna cikin darasin tarihi, ina ba su labarin yadda Turawa suka ci Kano, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah wai da gaske akwai masarauta a ƙarƙashin teku, mai sarki da fada da dakaru?" Aji ya kwashe da dariya. Da na bi ba'asi sai na tarar ashe kwana suka yi suna kallon wani fim na Amurka mai suna Aquaman a wayar wani abokinsu. Na ce masa babu, ya zauna. Amma da na koma gida sai abin ya tsaya mini a rai, domin amsar da na ba shi amsa ce irin ta malamin da ke jiran a kaɗa ƙararrawa ya huta. Mu nan Dandume, ruwa mafi girma da yawancinmu suka taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa na wajen Funtuwa. Teku kuwa sai wanda ya je Ikko, ko ya hange ta daga tagar jirgin alhazai. To, me ya kama zuciyar ɗan manomin masara a cikin labarin sarautar cikin teku? Neman amsar ne ya kai ni ga bin salsalar irin waɗannan finafinai, na kuma ga ya dace in kawo abin da na samo gaban 'yan'uwana marubuta.

Tushen labarin tsoho ne ƙwarai. Wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aflatun, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya kawo labarin wani tsibiri mai suna Atlantis a cikin littattafansa biyu, Timaeus da Critias. Ya ce tsibirin yana bayan mashigin Jibralta ne, sarakuna goma ke mulkinsa, ga arziki ga jiragen yaƙi. Da girman kai ya shige su sai suka ɗaura wa birnin Atina yaƙi, aka kore su, daga bisani teku ta haɗiye tsibirin cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Galibin masana sun tafi a kan cewa misali ne Aflatun ya ƙaga don ya yi wa mutanensa hannunka-mai-sanda. Mai karatu da ya san ƙissar Adawa da Samudawa ba zai ji abin baƙo ba. Sai dai a lura, a wurin Aflatun mutanen Atlantis halaka suka yi. Marubutan baya ne suka tashe su, suka rufa musu ƙoƙon ƙarfe a ka, suka ce suna can ƙasan ruwa suna ci gaba da sarauta.

Har ƙasarmu ma wannan tatsuniya ta taɓa. A shekarar 1910 wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga kawunan tagulla da na yumɓu waɗanda kyawunsu ya ruɗa shi. Maimakon ya yarda cewa kakannin Yarabawan da ke tsaye gabansa ne suka ƙera su, sai ya shelanta wa Turai cewa ya gano ɓurɓushin Atlantis, wai Olokun na Yarabawa shi ne Poseidon, gunkin teku na Girkawa. Wato ya fi masa sauƙi ya gaskata tsibirin da ya nutse da ya gaskata basirar baƙar fata. Wole Soyinka bai ƙyale shi ba a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1986.

Wanda ya shigo da inji cikin zancen shi ne Jules Verne, marubucin Faransa. A littafinsa na 1870 ya ƙago Kyaftin Nemo da jirginsa mai tafiya ƙarƙashin ruwa da ƙarfin lantarki, wato Nautilus. Nemo ba shi da ƙasa ko taku ɗaya a tudu, jirgin nan shi ne masarautarsa, matuƙansa su ne talakawansa. Sai a wani littafin na 1875 Verne ya bayyana ko wane ne shi: ɗan sarki ne daga Indiya, Yarima Dakkar, wanda ya rasa iyalinsa da ƙasarsa a tawayen da Indiyawa suka yi wa Ingila a 1857. Kamfanin Universal ya mai da labarin fim a 1916, tun silima ba ta fara magana ba, kuma don a ɗauki hoton cikin ruwa sai da aka zura wani dogon bututu mai ɗaki da gilashi a ƙarshensa cikin tekun Bahamas, mai ɗaukar hoto ya sauka ciki. Kamfanin Disney ya sake yin nasa a 1954, shekarar da Amurka ta saka jirginta na farko mai nutso da ƙarfin nukiliya a ruwa, wanda shi ma aka raɗa masa suna Nautilus.

Amma fim ɗin da na fi so mu dakata a kansa wani ne da ba a cika ambatonsa ba, domin ba shi da wani kyau na a zo a gani. Sunansa Undersea Kingdom, wato masarautar ƙarƙashin teku, kamfanin Republic ya fitar da shi a 1936, B. Reeves Eason da Joseph Kane suka ba da umarni. Gasa ce ta haife shi. A farkon shekarar kamfanin Universal yana shirin fitowa da Flash Gordon, sai Republic suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, suka ɗauko wani ƙaƙƙarfan saurayi mai wasan motsa jiki suka laƙaba masa suna "Crash" Corrigan don ya yi amo ɗaya da Flash, suka gama ɗaukar fim cikin abin da bai kai wata guda ba. Kashi goma sha biyu aka yi shi, ana nuna kashi ɗaya kowane mako, kuma kowane kashi yana ƙarewa ne daidai inda jarumi ya faɗa bakin mutuwa. Marubutanmu da ke yanke littafi na ɗaya a daren ɗaurin aure su ce mu haɗu a littafi na biyu, to su sani an riga su.

Ga yadda labarin yake. Girgizar ƙasa ta addabi duniya. Wani masani, Farfesa Norton, ya gano cewa daga ƙasan teku ake tayar da ita, sai ya shiga jirginsa mai nutso tare da Corrigan, wanda hafsan sojan ruwa ne, da wata 'yar jarida, da ƙaramin ɗansa Billy da ya ɓuya cikin jirgin. Suka tarar da Atlantis tana nan da ranta a ƙarƙashin wata rumfa, amma ta rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya masu fararen riguna ne, ƙarƙashin Sharad, babban limamin gunkinsu, suna cikin birni mai ganuwa, makamansu takobi da doki. Ɗaya ɓangaren masu baƙaƙen riguna ne, ƙarƙashin wani azzalumi mai suna Unga Khan, wanda ke zaune cikin wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Shi ke da na'urar girgiza ƙasa, da allon da yake hango kowa a ciki, da jiragen sama, da wata motar yaƙi mai sulke, da rundunar mutum-mutumi na ƙarfe da ake kira Volkites. Burinsa shi ne ya ɗaga hasumiyar nan ta huda teku ta fito sarari, ya mallaki duniyar sama.

In mutum ya kalle shi a yau dariya za ta kama shi. Mutum-mutumin nan kamar an ɗora wa tukunyar dafa ruwan zafi ƙafafu, tafiyarsu kuwa ko tsohuwa mai sanda ta tsere musu. Ƙarƙashin tekun ma ga rana ga ƙura ga dawaki na sukuwa, domin a duwatsun Kalifoniya aka ɗauka. Duk da haka akwai wani abu a cikinsa da na ga ya fi ƙarfin waɗanda suka rubuta shi.

Unga Khan yana da kowane irin makami, amma hasumiyarsa ba ta iya tashi. Injin da zai ɗaga ta sai Farfesa Norton ne ya san yadda ake haɗa shi. Norton ya ƙi. Sai Khan ya sa aka jefa shi cikin wata na'ura mai juya tunani, ya fito ya zama bawa mai biyayya, ya duƙufa yana ƙera wa maƙiyinsa inji, har ya kai ga ba ya ko kula ɗan cikinsa. A ganina nan ne cibiyar fim ɗin, ba wurin doke-doken Corrigan ba. Dubi irin bayin da ke kewaye da Khan. Akwai mutum-mutumi, waɗanda ba su da zuciyar da za su ƙi ko su so, duk wanda ya riƙe akalar na'urarsu shi ne ubangijinsu. Akwai Hakur, sarkin yaƙinsa, wanda Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayinsa, soja ne da ba ya tambayar dalili. Akwai Norton, mai ilimin da aka ƙwace wa hankali. Sannan akwai wani baraden baƙaƙen riguna mai suna Moloch, wanda Corrigan ya kayar a fagen fama ya ƙi kashe shi, shi kuwa daga ranar ya juya wa Khan baya ya bi wanda ya bar masa ransa. Cikin su duka Moloch kaɗai ne ya zaɓi ubangidansa da kansa, kuma alheri ne ya saye shi.

Sai kuma mu dubi shekarar. A watan Maris na 1936, daidai lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, Hitler ya tura sojojinsa yankin Rhineland. A watan Mayu, wato watan da aka fara nuna shi, sojojin Mussolini, cikinsu har da rundunar nan ta masu baƙaƙen riguna, suka shiga Addis Ababa bayan sun yi wa Habashawa ruwan bama-bamai da iskar guba daga jiragen sama. Ba na cewa masu fim ɗin sun zauna sun tsara wannan kamance. 'Yan kasuwa ne masu neman kuɗin yara ranar Asabar. Amma abin da ke cikin iska shi ake shaƙa. Abin da ya ba ni haushi shi ne, a shekarar da azzaluman nan biyu Turawa ne tsantsa, sai aka ɗauko sunan mutanen Asiya, Khan, aka manna wa mugun, kamar yadda aka kira mugun Flash Gordon da suna Ming. Laifi tudu ne.

Akwai wani wuri da aka ɗaure Corrigan a goshin motar yaƙin nan aka nufi ƙofar birnin Sharad da shi za a fasa. Da na ga ganuwa, da mahaya masu takubba a ciki, da inji a waje yana tunkarar ƙofa, sai darasin da nake koyarwa ranar nan ya faɗo mini. A ƙarshen Janairu na 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ranar 3 ga Fabrairu ta shiga Kano. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta kuwa 'yan ƙalilan ne. Sauran duk baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Su suka ɗauko igwa a ka, su suka ɗura mata harsashi. Mukan ce bindiga mai ruwa ce ta ci ƙasar Hausa, gaskiya ne, amma bindigar ba ta da ƙafa. Bambancin kawai shi ne, a fim ɗin 1936 Bature ne ke cikin ganuwa yana kare ta, a namu tarihin kuwa shi ne a waje.

Ƙarshen fim ɗin bai yi wa mutanen Atlantis adalci ba. An ragargaza birnin Sharad, hasumiya ta tashi, jiragen yaƙin Amurka suka yi mata luguden wuta, Corrigan ya tsira da mutanensa, aka tashi ana murna. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya sami talakawan da aka baro a ƙasa.

Wanda ya ɗauki maganar biyayya da muhimmanci sosai shi ne wani fim na Japan, Atragon, na shekarar 1963, wanda Ishiro Honda ya shirya a kamfanin Toho, mutumin da ya yi Godzilla. A nan masarautar ƙarƙashin teku sunanta Mu, sarauniya ke mulkinta, ta kuma aiko wa duniya cewa dukkan ƙasashe yankunan mallakarta ne tun fil azal, a mayar mata. Makami ɗaya kawai take tsoro, wani jirgin yaƙi mai nutso, mai tashi sama, mai huda dutse, wanda wani Kyaftin Jinguji ke ƙerawa a ɓoye a wani tsibiri. Shi Jinguji hafsan Japan ne da ya ɓace da mutanensa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya bar 'yarsa tana ƙarama. Da tsohon shugabansa ya iske shi ya roƙe shi ya ceci duniya, sai ya ƙi. Ya ce shi don Japan ya ƙera jirginsa, don a rama kayen 1945, ba don duniya ba. Aka gaya masa Japan ɗin da yake wa biyayya ta daɗe da shuɗewa, har kundin tsarin mulkinta ya haramta yaƙi, bai ji ba. Sai da mutanen Mu suka sace 'yarsa sannan ya sauko.

Wannan ba zuƙi-ta-malle ba ne a wurin Japanawa. Shekara tara bayan fim ɗin, a 1972, aka gano wani soja mai suna Shoichi Yokoi a dajin Guam yana ɓoye tun lokacin yaƙi. A 1974 kuma Hiroo Onoda ya fito daga dajin tsibirin Lubang na Filifin, kuma ya ƙi ajiye bindiga sai da aka nemo tsohon kwamandansa, wanda ya koma sayar da littattafai, aka kai shi ya janye umarnin da bakinsa. Kafin nan shi da abokansa sun kashe manoman tsibirin da dama, a yaƙin da ya ƙare tun shekara ashirin da tara. A ƙarshen Atragon, bayan an tarwatsa Mu, sarauniyar da aka kama ta faɗa ruwa ta yi iyo ta nufi wutar da ke cin masarautarta, Jinguji kuma ya ce a ƙyale ta. Ina jin ya gane kansa ne a cikinta.

Finafinan zamanin nan ba su ƙara wani abu mai yawa ba in ban da kuɗi da aikin kwamfuta. Aquaman na 2018, wanda ɗalibaina suka kalla, ya tara sama da dala biliyan ɗaya, amma rikicin gadon sarauta ne tsakanin 'yan'uwa biyu da suka haɗa uwa, da wani waziri mai suna Vulko da ke durƙusa wa sarkin da ke kan gado da rana, yana renon abokin hamayyarsa a ɓoye. Duk wanda ya karanta tarihin yaƙin Basasa na Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya san irin wannan fada. A Wakanda Forever na 2022 kuwa, sarkin masarautar cikin teku ya tayar da yaƙi ne a kan wata ɗaliba da ta ƙera na'urar gano ma'adinin da ke ƙasarsa, ba tare da ta san wa zai yi amfani da ita ba. Wato Farfesa Norton ne ya dawo da siket.

Mu a nan, silima ta iso mana ne ta hanyoyi biyu: majigin gwamnati da ake kafawa a ƙofar fada ana nuna tsafta da noman auduga, da kuma gidajen kallo na 'yan kasuwa irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Kaboyi da Indiya da 'yan Sin suka fi cin kasuwa. A rubuce kuwa, Umaru Dembo ya buɗe mana ƙofar ƙagaggen labarin kimiyya da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, amma kaɗan ne cikinmu suka bi bayansa. Mukan fake da cewa ba mu da injuna, ba mu da teku. Ni dai ban yarda ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, har da Dandume da Funtuwa da Malumfashi, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗansa da ke Kaduna. Dalilin da aka bayar shi ne masu kai wa 'yan bindigar daji rahoto. Ga wasu mutane can cikin daji da ba a ganinsu, masu sarakunansu da iyakokinsu, suna aza wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. Ƙarfinsu babur ne da bindiga da waya, kuma babu ɗaya cikin ukun da suke ƙerawa. Wani ke kai mai, wani ke gyara babur, wani ke buga waya. Cikin waɗannan akwai mai kwaɗayi, akwai kuma wanda aka riƙe masa ɗa ko mata, wanda halinsa ya fi kusa da na Norton. Marubucin da ya rasa abin rubutawa a nan, teku ma ba za ta ba shi ba.

Mako ya zagayo na koma ajin nan, na kira yaron na ce masa na yi kuskure, akwai masarauta guda a ƙarƙashin ruwa, kuma a Nijeriya take. A 1964 aka fara gina dam ɗin Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru sai ya haɗiye tsohon garin Busa, hedikwatar masarautar Borgu, da fadarsa da kasuwarsa da maƙabartarsa, da kuma wajen da Mungo Park ya halaka a 1806. Mutane fiye da dubu arba'in aka tayar daga garuruwa da ƙauyukan bakin kogin, aka gina wa sarki da jama'arsa Sabuwar Busa a kan tudu, wadda a yau take cikin Jihar Neja. Injunan da aka nutsar da garin dominsu suna nan suna juyawa, suna zuba lantarki cikin babban layin ƙasa.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, wutar da muka yi cajin wayar da ita, daga can take?"

Na ce masa wataƙila, in ranar an kawo wuta. Ya ce a'a, a shagon mai janareta suka yi caji, naira ɗari.